Kurma a Bakin Ƙoramar Gougaram

Gougaram, farkon watan Yuni

Zuwa ga 'yata Madina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Faisal da yara, da dukan mutanen Damagaram. Yaya aikin asibiti, yaya masu haihuwa? Ni nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Abokina Akoli da matarsa Dassin suna gaishe ki.

Alhassane direba ya kawo mini saƙonki, har da sabuwar salula cikin kwalinta. Allah ya yi miki albarka. Amma Madina, me kurma zai yi da salula a garin da sai an hau dutse ake samun rezo, wato layin kira? Na ba Dassin. Ki ci gaba da rubuto takarda, ita kaɗai ce ke yi mini magana ba tare da ta ɗaga murya ba. Kunnen nan gadon gidanmu ne, haka na mahaifina ya tafi a hankali, don haka ki daina neman mini likitoci.

Kin ce in tattara in dawo gida kafin damina. Wane gida? A Akokan na auri uwarki Siddiƙa, a can aka haife ki, a can na binne ta. Da aka rufe ramin uraniyum, abokan aiki suka cika motoci suka yi kudu, ni na kasa. Akoli, wanda ya yi shekaru yana tuƙa mu zuwa bakin rami, ya ce in zo mu raba lambun da ubansa ya bar masa a gaɓar ƙorama. Ga ni nan, ina ban ruwa, ina cin tumatir ɗin hannuna. Daga nan zuwa kabarin uwarki tafiyar wuni ɗaya ce, in an dace da mota.

Akwai wani abu kuma, kada ki yi dariya. Na gano sama. Shekara talatin da wani abu aikina a ƙarƙashin ƙasa shi ne iska: in tura mai sanyi ƙasa, in ja mai zafi sama, don mutane su yi numfashi. In na fito, gajiya ba ta bari in ɗaga kai. Yanzu da na ɗaga, sai na ga ashe Ubangiji yana yin aikin nan nawa a bisa duwatsun gabas, ba fanka, ba inji. Kwanakin nan iska ta juya, tana zuwa daga kudu maso yamma da ɗan danshi a jikinta. Da hantsi sama fes. Kafin azahar sai ƙananan gajimare su fito a kan dutse, gindinsu duka a miƙe a layi ɗaya kamar an sa magini ya daidaita. La'asar na yi su narke. Ba su isa ba tukuna, amma suna koyo.

Ina da roƙo ɗaya. Ki aiko mini da irin gero na ƙauyenmu, ko cikin tafin hannu ne. Rabona da shukar ruwan sama tun ina saurayi.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Mahaifinki,
Kalilu


Damagaram, ƙarshen watan Yuni

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Baba Akoli da Inna Dassin. Mu duka lafiya. Yara sun ce in tambaye ka ko gajimaren sun gama koyon.

Na karanta takardarka a tsaye, tsakanin haihuwa biyu, na yi dariya kamar yadda ka hana, daga baya kuma na shiga ɗakin magani na share hawaye. Baba, ba gidanka nake raina maka ba. Tsoro nake ji, kuma ka san na me.

Ni ma 'yar arewa ce, ba a Damagaram na girma ba. Na tuna hutun lakwal ɗin nan, ina 'yar makaranta, da Inna Dassin ta tafi da ni Gougaram. Muna wasa cikin yashin ƙorama, rana tsaka, ko ɗigon ruwa bai taɓa mu ba. Sai muka ji guɗar mata daga can sama, zango yana miƙa wa zango, bayanta kuma wani ruri kamar manyan motocin kamyo goma sun taso tare. Aka fizge mu zuwa gaɓa. Kafin in gama neman takalmina, inda muke zaune ya zama kogi, da itatuwa a kansa. Ruwan can ba ya sallama da ido, Baba. Da kunne ake sanin zuwansa. Kai kuwa lambunka yana bakinsa, rijiyarku tana cikinsa, ga shi ko an buga tukunya a bayanka ba ka waiwaya.

Faisal ya kwashe kayansa daga ɗakin zaure, an yi shafe, an sa sabuwar katifa. Ka zo ka yi damina da mu kawai. In kaka ta yi, ka koma wurin tumatir ɗinka, ni da kaina zan saka ka a mota. Hadari kuma a nan ma muna da shi, har ya fi naku cika alkawari.

Ga gero nan na ba Alhassane, Gwaggo 'Yargata ce ta ɗebo daga rumbunta. Na aiko ne don ban iya hana ka abu ba, amma da sharaɗi: cikin shingen lambu za ka shuka shi, a tudu. Ka rubuto mini ka ce ka yarda. In kuwa ka rubuto ka ce kana hanya, ya fi mini komai.

Ka huta lafiya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Madina


Gougaram, tsakiyar watan Yuli

'Yata Madina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ki da Faisal da yara, da Gwaggonki 'Yargata. Gero ya iso. Na buɗe ƙullin na shaƙa, sai ga ni a gonar mahaifina ina bin bayansa da ƙwarya. Ki gode mata.

Ki faɗa wa yara gajimare sun gama makaranta. Shekaranjiya aka yi na farko, kuma tun daga haihuwarsa nake kallonsa, ina zaune gindin goruba. Bari in faɗa miki yadda abin yake, tunda ke ma aikinki karɓar haihuwa ne.

Rana tana gasa duwatsu tun safe. Iskar da ke kwance a kansu ta yi zafi, ta yi sauƙi, ta miƙe sama, daidai yadda take hawa bakin rami in mun buɗe mata hanya. Tana hawa tana tafe da danshin da ta kwaso daga kudu. Can sama akwai sanyi. Kin tuna bututun ruwan sanyi na gidanmu a Akokan, yadda yake yin gumi lokacin zafi? To haka iskar take yi in ta kai wani tsayi: ta yi gumi, gumin nan shi ne gajimare. Shi ya sa gindinsu yake a layi ɗaya, don a nan ne sanyin ya fara kama ta. In danshin kaɗan ne, su watse. In da yawa ne, sai abin ya riƙa ciyar da kansa, yana hawa yana tumbatsa kamar tulin auduga, har ya kai inda ba zai iya wucewa ba, kansa ya baje ya yi faɗi kamar uwar maƙera. Ƙasansa kuwa ya yi baƙi ƙirin. Daga nan nauyin ruwa ya fi ƙarfin iskar da ke riƙe da shi, ya faɗo, ya turo iska mai sanyi gabansa. Sanyin nan da kan bugi fuska kafin ruwa, wanda mata ke gudu su kwashe shanya, numfashin hadari ne yana saukowa.

Na ga walƙiya, na ga awaki sun zabura, na ga kofunan shayin Akoli suna rawa a kan faranti. Tsawar a ƙirjina na ji ta. Na yi kewar cida, Madina, ba zan ɓoye miki ba. Ban san ina son ta ba sai da na rasa ta.

Mu nan yayyafi kawai muka samu, ya yi ya ɗauke, ya dawo ya ɗauke. Wani ruwan ma muna ganinsa yana zubowa kamar gemu, amma ya bushe kafin ya taɓa ƙasa. Sauran ya sauka a dutse, kuma kafin magariba ƙorama ta zo. Ina kan gaɓa tun kafin ta iso, hannuna a baya, kamar mai jiran baƙo. Kin gani? Abin da kunne ke gaya wa mutane a ƙurarren lokaci, ido yana gaya mini tun azahar. In na ga uwar maƙera a kan dutse, ba na sauka. In ban gan ta ba, babu ruwa. Na rubuta wa Akoli wannan a kan yashi, don ta haka muke hira yanzu. Ya karanta, ya gyara rawaninsa, ya rubuta a ƙasa: "Kai dai ka cika ilimi." Kin san shi da zolaya. Ya tsufa shi ma, kullum yana nan gaɓa da awakinsa, ya daina nisa.

Maganar sharaɗinki, na ji. Sai dai tudun lambu ruwan rijiya yake sha, ni kuwa shukar ruwan sama na ce. Za mu gani. Maganar zuwa kuma, ki gode wa Faisal, ki ce ya mayar da kayansa. Ba zan bar damina ta farko da na taɓa kallo da idona a tsakiya ba.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku damina mai albarka.

Mahaifinki,
Kalilu


Arlit, watan Agusta

Madina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. In an ce miki an gan ni a Arlit, kada hankalinki ya tashi, lafiyata ƙalau. Akoli ne ya ji ciwo a ƙafa, muka kawo shi asibiti, ina zaune da shi. An yi masa aiki, likita ya ce da sauƙi. Za mu ɗan kwana biyu a nan.

Garin cike yake da laka. Jiya an yi ruwa da iska, kwanon wasu shaguna ya tashi, 'yan kabu-kabu suna tura babura da hannu. Ban tsaya kallo ba.

Ki sa shi cikin addu'a. Sai na sake rubutowa.

Mahaifinki,
Kalilu


Arlit, watan Agusta

Ɗiyata Madina,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Dassin. Ina gaida mijinki da yara. Ki yi haƙuri da Hausana da rubutuna, na kasuwar Akokan ne da makarantar manya. Babanki bai san na rubuta ba. Akoli ya sani, ya ce kada in yi, ya ce zai yi fushi. Ya yi fushin, yana kwance, ba inda zai je.

Ga abin da ya faru. Ƙorama ya zo ranar Talata, ya wuce, ya bar yashi da laima. Laraba da safe sama fari tas, ba hadari ko ɗaya a kan dutse. Mu mutanen nan ba mu shiga ƙorama washegarin ruwa. Dutse yana da baya, Madina. Ruwa yana sauka can inda ido ba ya kai, ya kwana a hanya, ya zo da safe. Babanki ya san wannan da kai, an faɗa masa. Amma ku mutanen kudu in ƙasa ya jiƙa ba ku iya zama. Ya duba sama, ya ga babu komai, ya ɗauki sungumi da geron nan, ya sauka wani lungu mai laka a cikin ƙorama.

Kin san yadda kuke shuka. Kai a ƙasa, a sara, a zuba, a taka da diddige. Kuma ya ba rana baya, wai don inuwarsa ya miƙe masa layi, haka ubansa ya koya masa. Rana daga dutse yake fitowa. Ruwa ma daga dutse.

Mata na sama suka yi guɗa, muka karɓa. Ina bakin shinge ina ihu, ina kaɗa mayafi, ina kiran sunansa kamar mahaukaciya, alhali na san ba ya ji. Yana ta shukarsa. Wallahi fuskarsa ma murmushi yake. Akoli ya diro daga gaɓa, tsoho da shi, ya ruga, ya ture shi har kan tudu. Babanki ya hau. Akoli bai gama hawa ba ruwa ya iso da kututture a gaba, ya buge shi a cinya, ya matse shi jikin aduwa. Da rawaninsa muka jawo shi, ni da babanki da maƙwabta. Ƙashi ya karye, an sa ƙarfe. Likita ya ce zai taka, amma da sanda.

Saura abu ɗaya, shi ne Akoli ba ya son a faɗa. Tun hadarin farko makiyaya duka sun tafi yamma, inda sabon ciyawa ya fito. Akoli bai tafi ba. Ya tsare awakinmu a gaɓa, wurin da babu abin ci sai ƙaya, don idonsa ya zauna kan babanki. Kullum, tun safe har ya ga ya shiga gida. Babanki yana tsammani tsufa ne ya hana shi nisa. Awaki sun rame, nono ya ƙafe, biyu sun mutu. Na yi magana, ya ce mutumin da ya ba mu iska a ƙarƙashin ƙasa ba za a bar shi ba kunne a bisa ƙasa.

Ban ce ki zo ki ɗauke shi ba. Babanki ɗan'uwanmu ne, ni na yi wa uwarki wankan gawa. Yana nan bakin gado, ba ya ci, ba ya duba taga. Tausayinsa nake ji. Amma damina bai ƙare ba, na baɗi kuma yana zuwa, ni kuwa miji ɗaya gare ni, yanzu ba ya iya gudu.

Ki yi abin da Allah ya nuna miki. Ki gaida kowa.

Innarki,
Dassin


Damagaram, ƙarshen watan Agusta

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi wa Baba Akoli sannu, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ga magungunan ƙarin jini da kilishi na ba Alhassane, na Baba Akoli ne, amma ka ci kai ma.

Na san komai. Kada ka nemi wanda ya faɗa mini, kuma kada ka riƙe shi a zuciya. Ba zan yi maka faɗa ba. Da hannuna na ƙulla geron nan, na san kuma halin wanda nake aika wa. Tun ranar da na ji, in na rufe ido bayanka nake gani, kana sunkuye.

Na daɗe ina juya abu ɗaya, ko in faɗa maka ko in yi shiru. Faisal ya ce in bari, zai yi maka nauyi. Amma kai ka koya mini cewa ba a ɓoye wa mutum yanayin iskar da yake shaƙa. Baba, ba tsufa ne ya tsayar da Baba Akoli a gaɓa ba. Kai yake gadi. Tun hadarin farko ya ƙi bin makiyaya zuwa ciyawa, ya zauna da awakinsa cikin ƙaya don kada ka fita daga idonsa. Duk ranar da ka tsaya kana karanta sama, akwai mai karanta ka.

Abin da ka rubuto mini game da hadari gaskiya ne, na karanta wa yara, yanzu kowace la'asar suna kan katanga suna neman uwar maƙera. Ba ilimin ne ya gaza ba. Ido dai ba ya ganin bayan dutse.

Ba zan sake cewa ka zo ba. Na faɗa har na gaji da jin kaina, kuma na gane abin da nake roƙo ka bari ba ƙarami ba ne. In ka zauna, ba zan yi fushi ba, zan ci gaba da rubutowa. Ina so dai in ka zaɓa, ka zaɓa kana sane da wanda ke ɗauke da zaman naka.

Ina ƙaunarka, Baba, ina kuma jin tsoro. Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

'Yarka,
Madina


Gougaram, watan Satumba

'Yata Madina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni. An sallami Akoli, mun dawo da shi gida.

Na rubuta masa tambaya a bayan kwalin magani, ko saboda ni ya tsare awakinsa a gaɓa. Ya karɓi biro ya rubuta: "Awakina ne ke son wurin." Sai na fita na je garke na duba awakin. Na daɗe a can.

Na bar wa Dassin rabona na lambu, ta sa wanda zai yi ban ruwa. Da Akoli ya ji zan tafi, ya juya fuska bango, tun jiya bai rubuta mini ko harafi ba. Alhamis zan sauka Akokan in yi sallama da uwarki. Asabar in shiga motar Alhassane.

Ki ce wa Faisal, in ɗakin ba shi da taga ta gabas, kada ya fasa bango saboda ni. Zan riƙa fita waje.

Sai na iso, in Allah ya yarda.

Mahaifinki,
Kalilu